Amfilifaya 3000W da wufa 1400W, zasu zauna lafiya kuwa? Na riga na ƙona ɗaya

DanAboabo:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar sauti na mota ku taimaka min kafin in sake yin asara. Ina da Corolla ƙirar 2009, ita nake ɗan yin haya da ita cikin Kumasi, wani lokaci kuma in an samu masu biki ko suna ina kaisu Ejura ko Techiman. Wata biyar da suka wuce na sa wufa, wato babbar sifikar bes, inci 12 a but, jikinta an rubuta 1200W, sai amfilifaya mai layi biyu da aka rubuta 3000W da manyan baƙaƙe, wani yaro ne ya haɗa min, yace ai gara amf yafi ƙarfi. Da farko abin yayi daɗi wlh, har madubin tsakiya rawa yake, amma kullum in nayi tafiyar minti talatin zuwa arba'in sai bes ɗin ya ɗauke, jar fitila ta kama a jikin amf, in ka taɓa shi baka iya barin hannunka akai saboda zafi, sai na tsaya ya huce sannan ya dawo.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muna dawowa daga ɗaurin aure, mun wuce Mampong kenan, sai naji wani wari kamar ana ƙona roba haɗe da fenti, na zaci burki ne, na faka na zaga motar banga komai ba, ina buɗe but warin ya buge ni. Wufar ta mutu. In ka danna fuskarta da hannu sai kaji tana ƙarar kurr kurr kamar akwai yashi a ciki.

To yanzu yayana dake Jamus ya aiko min da sabuwa ta hannun wani da ya zo gida, Pioneer TS-W311D4, a kwali an rubuta 1400W. Tana nan a ɗaki ban ko cire ledarta ba dan tsoro. Tambayata, tunda amf ɗina 3000 ne wufa kuma 1400, ai shine zai sake kashe ta ko? In sayar dashi in nemi ƙarami mai 1400 ko 1000? Ko akwai yadda ake rage masa ƙarfi? Bana son in kira yaya in ce masa wannan ma ta tafi, kuɗin guminsa ne a cikin sanyi.

Yaro_Tafo:

Wa alaikumus salam. Ai amsar a fili take yaya, 3000 ya ninka 1200 sama da sau biyu, dole ta ƙone. Ka nemi amf wanda bai kai wufar ba, kamar 1000W haka, shikenan ka huta. Ni nawa ƙarami ne shekara biyu kenan ba abinda ya same shi

Masta_Suame:

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da asara, Allah ya mayar da alheri. Kar ka sayar da komai tukuna kuma kar ka sayi komai, tsaya ka karanta wannan, zai ɗan yi tsawo amma shekara ashirin da wani abu ina aikin wayar mota a Magazine, unguwar makanikai ta Suame a nan Kumasi, kuma wannan matsalar taka kusan duk sati sai an kawo min irinta.

Waɗannan lambobin da kuke ta kira, 3000, 1400, 1200, ba dasu ake lissafi ba. Lambar talla ce, ita ake kira MAX ko PEAK, wato ƙarfin da abu zai iya taɓawa na ƙiftawar ido, wasu kamfanonin ma basu auna komai ba, rubutawa kawai suke dan sun san mai saye babbar lamba yake nema. Lambar aiki ita ce RMS, ƙarfin da wufa zata iya ɗauka tana ta aiki bata ƙone ba, ko wanda amf zai iya bayarwa yana ta bayarwa ba tare da sautin ya lalace ba. Kamar buhun shinkafa ne, zaka iya ɗaga kilo 100 ka ajiye nan take, amma wanda zaka ɗauka aka daga Kejetia zuwa Asawase wataƙila 40 ne. Wufar da yayanka ya aiko 1400 ɗin MAX ne, RMS nata 400W, duba gefen kwalin ko takardar ciki zaka gani, Pioneer sukan rubuta shi da NOM. To 400 shine lambarka, ka manta da 1400.

Sai amf ɗinka. Ban ganshi ba amma ina da tabbacin ba 3000 bane, ko kusa. Ga yadda zaka gane da kanka ba sai kowa ya faɗa maka ba. Je ka duba fiyus ɗin dake jikinsa, irin masu ƙafa biyun nan, ka karanta lambar dake kai. Amf baya ƙirƙirar wuta, abinda ya sha daga batir shi yake juyawa ya zama sauti, kuma bazai iya shan fiye da abinda fiyus ya bari ya wuce ba na tsawon lokaci. Mota in tana kunne wutarta na tsakanin 13.8 zuwa 14.4 volt. Ka ninka lambar fiyus da 14, abinda ya fito shine iyakar abinda ke shiga. Daga nan kuma wani kaso yana tafiya a zafi, irin na da wato Class AB kusan rabi ko kashi 60 cikin ɗari ne ke kaiwa sifika, sabbin nan Class D suna kai kashi 80 ko sama. Amf da zai bada 3000 na gaskiya sai ya ja sama da 250A, altanetar Corolla kuwa bata wuce 80 zuwa 100, kaga ko motar ma bata da wutar da zata ciyar dashi.

Na biyu kuma wanda nafi zargi, om, wato ma'aunin nauyin da sifika ke ɗora wa amf. Wannan D4 dake ƙarshen sunan wufarka yana nufin koyil biyu gareta, wato naɗin wayar dake cikinta, kowanne 4 om, shi yasa zaka ga wurin ɗaura waya biyu a bayanta. In ka haɗa jan wannan da jan wancan, baƙi da baƙi, ta zama 2 om. In kuma ka bi dasu a jere, jan ɗaya ya shiga baƙin ɗayan, ta zama 8 om. Babu hanyar da zata baka 4 om sai in koyil ɗaya kayi amfani dashi, wannan kuma bana ba kowa shawara, ka rage mata ƙarfin ɗauka kenan. Iya ƙanƙantar om iya yawan wutar da amf zai tura, iya wahalar da zai sha. Amf mai layi biyu in akayi masa burij, wato aka haɗe layukan biyu suka zama ɗaya, mafi yawansu 4 om ne iyakarsu, domin kowane layi rabin nauyin yake gani. Ka ɗora masa 2 om a burij, kowane layi yana ganin 1 om, shine zaka ga yana zafi yana shiga PROTECT, wannan jar fitilar da kake gani kenan, kuka yake maka tun wata biyar.

Ka duba min abu uku ka dawo: lambar fiyus, tsohuwar wufar koyil nawa gareta kuma yaya aka ɗaura ta, sannan ina ɗan maɓallin da aka rubuta GAIN yake kallo.

DanAboabo:

Masta Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Yanzu na fito daga but da tocila. Fiyus ɗaya ne tak, 25A. Tsohuwar wufar ita ma wurin waya biyu gareta kuma ja da ja baƙi da baƙi aka haɗa kamar yadda kace, sannan waya ɗaya ta tafi layin hagu ɗaya ta tafi na dama, akwai rubutu BRIDGED a wurin. GAIN ɗin a ƙarshe yake gaba ɗaya, akwai wani kuma BASS BOOST shima a ƙarshe, an rubuta 12dB. Na tuna ma ranar da aka haɗa nace masa bes ɗin bai ishe ni ba shine ya ɗauki sukundireba ya murɗa su duka. Wani abu kuma da ban faɗa ba, da dare in bes ya buga fitilun gaba suna lumshewa suna dawowa tare da kiɗan, har wani fasinja ya taɓa tambayata ko batir ɗina ya kusa mutuwa ne.

To Masta kenan amf ɗin ƙarami ne? Toh ya akayi ƙaramin abu ya ƙona wufa, nan ne kaina ya ɗaure

BabaSauti_Nima:

Salam. Masta ya gama magana a kan lissafi, bari in ɗora a kan wannan tambayar taka ta ƙarshe domin ita ce sana'ata, ni kayan sauti nake bayarwa haya a nan Accra, biki, suna, maulidi, wa'azi, daga Nima har Madina, kuma sifikun da na binne a rayuwata sunfi ashirin kafin in fahimci abinda ke kashe su.

25 sau 14 ya baka 350. Cire abinda ke tafiya a zafi, abinda ya rage maka wajen 200W ne, in ma amf ɗin na kirki ne. Wannan shine 3000 ɗinka. Toh kai kana son bes na 500, amf yana da 200, sai aka murɗe geyin aka ƙara BASS BOOST, wato bus, har 12dB. Ka san me 12dB ke nufi? Duk ƙarin 3dB ninki biyu na ƙarfi yake nema, 6 ninki huɗu, 9 ninki takwas, 12 ninki goma sha shida. Wato a daidai wannan muryar bes ɗin ana roƙon amf ya bada ninki 16 na abinda yake bayarwa. Bashi dashi. Abinda yake yi sai ya kai iyakar wutarsa ya tsaya a nan, sautin da ya kamata ya hau a hankali ya sauka a hankali kamar tudu sai a yanke masa kai ya zama fale-fale, shi ake kira kilifin. A kunne zaka ji bes ɗin ya daina zama dum mai laushi ya koma fat fat mai kaushi, amma da yake wufar na but, kujera ta tare, ga ƙarar hanya, yawancin mutane basa lura.

Shi kuma yankakken sautin nan wutar dake cikinsa tafi ta lafiyayye, in ya yanke sosai tana iya kusan ninkawa, amf mai 200 sai ya riƙa zuba abinda yafi 200 ɗin nesa ba kusa ba na zafi zalla, kuma ba hutu, domin wurin da kiɗa ya kamata ya sassauta shima an tura shi sama. Koyil siririyar waya ce aka naɗe aka manne da gam, iskar da motsin wufar ke bugawa ita ke sanyaya ta. Zafi yayi yawa gam ya narke, wayar ta warware ta fara goga maganaɗisu, shine kurr kurr ɗin da kake ji, warin kuma na gam ɗin ne da fentin wayar. Tsohuwar wufar taka mai 1200 ɗin nan ba mamaki RMS nata bai wuce 250 ko 300 ba. Ga rana ga but a rufe ga tafiya mai nisa.

Geyin ba makunnin ƙara bane, wannan shine abinda nake ta faɗa wa yarana har na gaji. Aikinsa daidaita amf da ƙarfin siginar da tef ke turowa, sau ɗaya ake saita shi a barshi. Ga yadda nake yi in babu na'urar ganin sauti, mita kawai ta isa, irin ta masu gyaran rediyo, a Zongo Lane muke saye, ku ma nasan ba za'a rasa a Adum ba.

Ka ninka wat ɗin da kake so da om, ka nemo tushen lambar, wato alamar √, a kalkuletar waya. Naka 400 sau 2, 800, tushensa 28.3. Wannan shine volt ɗin da kake nema. Sai ka cire wayar wufa daga amf gaba ɗaya, ka mayar da geyin ƙasa, bus a sifili, a tef ma ka kashe LOUD ka mayar da bes da komai tsakiya. Ka sauko da sautin gwaji na 50Hz a waya ko filash, ta hanyar da ka saba jin kiɗa zaka saka shi, in bulutut kake amfani dashi to ta nan. Kunna mota, ka kai ƙarar tef kashi uku cikin huɗu, in iyakarsa 40 ne ka tsaya a 30. Sa mita a AC, ɗora kan inda wayar wufa ke fita, ka riƙa murɗa geyin a hankali har mita ta nuna 28. Tsaya nan. Daga ranar 30 ce iyakarka a tef, kar ka wuce. Dalilin da yasa 50Hz yafi, ƙananan mitocin nan dan wutar gida akayi su kuma wutar Ghana 50Hz ce, a nan suka fi faɗin gaskiya, sannan cire sifikun ƙofa ko ka rage su lokacin gwajin dan kar su wahala.

Amma fa ka sani wannan dabarar tana aiki ne in amf ɗin da gaske yana iya bada abinda aka rubuta. Mita bata ganin kilifin, lamba kawai take nunawa. Shi yasa amf na gaskiya ya zama dole. Wasu kamfanonin suna sa tambarin CEA-2006 a kwali, ma'anarsa an auna RMS ɗin a 14.4 volt kuma lalacewar sauti bata wuce kashi 1 cikin ɗari ba, in ka ga wannan hankalinka zai ɗan kwanta, sai dai jabu ma sun iya buga tambari, ka duba fiyus da nauyin abin a hannu.

Ni a ra'ayina ka nemi mono, wato amf mai layi ɗaya, Class D mai bada 500 zuwa 600 RMS a 2 om. Ƙa'idar da aka saba ita ce amf ya kasance tsakanin kashi 75 zuwa 150 na RMS ɗin wufa, naka kenan daga 300 zuwa 600, ni kullum sama nake bi, amf da ke da rara baya wahala baya zafi. Misali a gidan Pioneer ɗin akwai GM-D8701, yana bada 300 a 4 om, 500 a 2 om, 800 a 1 om, a kwali kuma 1600 zaka gani. Ba dole sai shi ba, na kawo shi ne dan kaga yadda ake karanta lambobin, layin 2 om kawai ya shafe ka.

Yaro_Tafo:

Toh Baba amma ni fa da gaske nake, nawa amf ɗin ƙarami ne kuma ba abinda ya ƙone, kenan maganata ba ƙarya bace gaba ɗaya ko

Masta_Suame:

Ba ƙarya kayi ba ɗana. Ƙaramin amf shi kaɗai baya kashe wufa, in da haka ne duk wanda ya rage ƙara ai da tashi ta ƙone. Kai baka matsa masa ne, abinda ya baka ya ishe ka. Matsalar tana zuwa ne in mutum yana son abinda amf bashi dashi sai ya fara murɗe-murɗe. Inda ka kuskure shine lissafi da lambar kwali, amf da aka rubuta 1000 a kasuwa yana iya zama 80 ko 100 na gaskiya, ka ɗora shi kan wufa mai 400 cikin sati ɗaya mai motar zai koma yace bes bai ishe shi ba, a sake maimaita abinda ya faru.

Alhaji na Nima, duk abinda ka faɗa haka yake, wuri ɗaya kawai zan ɗan saɓa maka. Kai kayanka a hannunka suke ko hannun yaran da ka koyar, 600 akan 400 ba komai bane a wurinka. Wannan motar haya ce, gobe ƙaninsa zai ara, jibi mai wanki zai kunna kiɗa yana wanka, wani zai ga maɓalli ya murɗa. Ni ga irin wannan nafi son 400 zuwa 500, ko an yi ganganci akwai sauran dama. Kuma bambancin 400 da 600 a kunne bai kai 2dB ba, da ƙyar zaka ji shi, amma altaneta zata ji. In an gama saitawa ina ɗiga jan farce akan geyin, in aka taɓa zan gani. Ɗan makunnin bes da ake jawowa gaba kusa da direba shima bana sawa a motar haya.

Ƙanena DanAboabo, maganar fitilu dake lumshewa kar ka raina ta, domin in ka kawo amf mai 500 na gaske zai riƙa jan 40A zuwa 45A in bes ya buga sosai, kusan ninki biyu na da. Duba wayar da ta taso daga batir. Kasuwa ta cika da wata waya mai kauri a ido, roba ce tayi yawa, cikin kuma alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, tana ɗaukar kamar kashi 60 cikin ɗari ne na abinda jan ƙarfe zalla ke ɗauka. Ka kankare bakinta da reza, in kaga fari a ciki ita ce, kuma bata da nauyi a hannu. Ka sa waya mai kaurin geji 4, in da hali jan ƙarfe zalla. Fiyus na 60A a kusa da batir, kar ya wuce ƙafa ɗaya da rabi, wato inci 18, daga kan batir ɗin, wannan fiyus ɗin ba dan amf bane, dan wayar ne, in ta goge ta taɓa bodi shi zai hana motar kamawa da wuta, na taɓa ganin taksi ta ƙone ƙurmus a gabanmu saboda rashinsa, mai ita yana tsaye yana salati ba abinda muka iya yi sai yashi da muke watsawa. Wayar at kuma, wato wadda ke tashi daga amf zuwa bodi, gajeriya, kaurinta ɗaya da ta wuta, a kankare fenti har sai ƙarfe ya fito fari sannan a ɗaure tam.

Tsohon amf ɗin kar ka yar, in bai mutu ba ka mayar dashi kan sifikun ƙofa, 4 om kowane layi, aikin da aka yi shi dominsa kenan kuma zaka ji muryar mawaƙi ta fito fes. In kuwa kuɗin sabon bai samu ba yanzu kuma ka matsu, haɗa wufar a 8 om ka sa a burij, bazai yi zafi ba, sai dai ƙarfin kaɗan ne, wajen 100, kuma sharaɗin kar ka taɓa geyin.

BabaSauti_Nima:

Na yarda Masta, ban yi tunanin masu aron mota ba, 500 ɗin ya isa. Abu ɗaya da muka manta, akwatin. Wani irin akwati ne dakai, rufaffe ko mai rami? Domin wufa ba zafi kaɗai ke kashe ta ba, akwai fisga. Akwati mai rami yana da muryar da aka yanka ramin dominta, ƙasa da wannan muryar wufar bata da abin jingina, sai ta riƙa fita tana komawa kamar babu akwatin ma, ko da 200W kana iya yaga ta ko koyil ya bugi ƙasa. Shi yasa ake kunna SUBSONIC a jikin amf, mai yanke muryar da tayi ƙasa sosai, in ramin na wajen 35Hz ne ka saita shi 27 ko 28. LPF kuma, mai tare muryar sama, ka barshi 80Hz, kar murya ta riƙa fitowa daga but. In baka san yadda akayi akwatin ba gara ka sa kafinta ya yi maka rufaffe da katakon MDF mai kaurin 18mm, girman da takardar wufar ta faɗa, yawancin inci 12 lita 30 zuwa 40 suke so, a toshe duk wata kafa da gam. Rufaffe yafi yafiya ga wanda ke koyo.

Hajiya_Fadama:

Ku yi haƙuri in sa baki duk da ba fannina bane. Maigidana direba ne shekara da shekaru, yana son kiɗa da ƙarfi a mota, yanzu kunnensa na hagu ƙara yake masa dare da rana kamar kukan gyare, in ana hira a tsakar gida sai ya juyo da ɗayan kunnen, jikokinsa suna masa magana yana cewa me. A asibiti sun ce mana ƙarar da ta kai 85dB awa takwas ce iyakarta a rana, duk ƙarin 3 kuma lokacin ya ragu da rabi, kuma jin da ya tafi baya dawowa. Ɗana ka gyara kayanka Allah ya sa albarka, amma kai da kake wuni a mota ka riƙa ragewa, kaji hon ɗin pragya, keke mai ƙafa ukun nan, da jiniyar motar asibiti, in ka zo wucewa ta masallaci ko gidan rasuwa kuma ka kashe. In ka ɗauki mai jariri ma haka.

DanAboabo:

In sha Allah Hajiya, na ji kuma na gode, Allah ya ba Baba lafiya.

Na dawo da bayani bayan kwana tara. Na samu mono mai 500 RMS a 2 om, na hannu ne amma mai tsabta, fiyus biyu gare shi 30A kowanne, nayi lissafin Masta a gaban mai shagon kafin in biya. Wayar batir da na kankare fara ce fat a ciki, kuma babu fiyus ko ɗaya a gaba, ta cikin wani rami aka zuro ta ba ko roba, har ta fara cinyewa a wurin, da na gani sai da jikina yayi sanyi domin yarana nake kaiwa makaranta a motar nan kullum. At ɗin kuma a kan kusar kujerar baya aka ɗaura shi bisa fenti, da hannu na juya shi. Duk na canja. Akwatin mai rami ne ba wanda yasan lissafinsa, na kai wa wani kafinta a Sokoban da takardar wufar ya yi min rufaffe.

Kafin in ɗaura na auna wufar da mita bayan na haɗa ja da ja baƙi da baƙi, ta nuna 1.8 ba 2 ba, na ɗan tsorata amma mai shagon yace haka yake, mita kullum ƙasa kaɗan take nunawa. Na saita geyin ya tsaya 28.1, abin mamaki ko rabi bai kai ba, bus a sifili, na ɗiga jan farcen matata akai. Jiya naje Ejura na dawo, amf ɗumi kawai yayi, bes ɗin kuma wani iri ne daban, yana da nauyi amma baya damun kai, har ganga da gitar bes ina rarrabewa.

Saura abu ɗaya Masta. Fitilun sun daina lumshewa in ina tafiya, amma in na tsaya a go-slow na Aboabo da dare ga AC ga fitila, suna ɗan yi kaɗan. Na auna a bakin amf, 14.1 in ba kiɗa, in bes ya buga yana sauka 12.9 zuwa 13. Wani yace in sayi kafasita. In saya?

Masta_Suame:

Haka mitar take, 1.8 daidai ne. Kar ka sayi kafasita tukuna, bata ƙara wuta, ajiya kaɗan take yi ta saki, in altaneta bata cika ta ba aikin banza ne. A tsaye inji na juyawa a hankali altaneta bata bada duk ƙarfinta, ga AC ga fanka ga fitila, 13 ɗin nan bai kai abin tsoro ba, in ya fara sauka ƙasa da 12.5 ne zan damu. Abinda zamu fara yi shine ƙara kaurin wayoyi uku, daga altaneta zuwa batir, daga batir zuwa bodi, daga inji zuwa bodi, sannan mu gwada batir ɗin da lodi mu duba bel ko ya saki. Batir ɗin shekararsa nawa? Ka shigo Magazine ranar Asabar da safe kafin rana tayi, ka turo min saƙo ta ciki in kwatanta maka shagon, ka taho da ragowar wayar geji 4 ɗin in akwai, da tsohon amf ɗin mu gani ko zai yi aikin ƙofa.